Ni da Hauwa a Aji Ɗaya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali? Ya ƙafar Yaya Binta, da sauƙi? Mu nan Kankiya lafiya lau.

Albishirinka! Saboda ƙarancin akantoci an sassauta sharaɗi, wanda ya daɗe yana aikin zai iya zana jarrabawar lasisi ko ba digiri. Tuni na yi rajista. Ɗiyata Hauwa, da ita ma za ta zana bana, ta ce, "Baba, aji ɗaya muke ke nan. Kar fa ka ba ni kunya!" Yanzu ko a motar Kusada karatu nake.

A gaida yara. Ka sa mu a addu'a, amma ka fi yi wa Hauwa. Ni kam, in sha Allahu, na riga na ci.

Ƙaninka,
Lawal