Rawani Ɗaya Ya Ishi Runduna

Zuwa ga Alhaji Sale, shugaban masu zubin dalma da tagulla na lungunmu, Ƙofar Dumi.

Assalamu alaikum. Baba Alhaji, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata.

Na so mu ƙare maganar nan a shago. Amma tunda kun kai ta majalisa, har ta dawo kunnen mahaifiyata cewa boko ya cire mini sanin darajar manya, bari in amsa inda kowa zai gani.

Ga wanda bai sani ba, ni malamar tarihi ce a wata sakandare. Na ƙirƙiro wa ɗalibaina wasan yaƙi na kan tebur: runduna biyu, kowace da mutum-mutumi ashirin masu tsawon ɗan yatsa. Na kawo muku zane da dokokin wasan a rubuce, kuka zuba mutum-mutumin.

Na ɗaya. Dokar wasan ta ce a kowace runduna mutum ɗaya ne mai rawani. Shi ne sarkin yaƙi, kuma da an kama shi wasa ya ƙare. Ku kuka duba zanen, kuka ga sojoji bakwai a kowane ɓangare suna da gemu, kuka ce ba a barin mai gemu kai ba komai a gaban yara. Sai kuka naɗa musu duka. Yanzu kowace runduna tana da sarkin yaƙi takwas. Na karanta tarihi shekara huɗu a jami'a, ban taɓa cin karo da rundunar da ta yi wannan arziki ba.

Na biyu. Kowane soja a gida ɗaya na allon wasan ya kamata ya tsaya, domin daga gefen gindinsa ake auna nisan harbi. Manyan rigunan da kuka sa wa 'yan baka sun baje har cikin gidajen maƙwabta. Ke nan wanda ya fi faɗin riga ya fi nisan kibiya.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Ranar Alhamis muka gwada wasan a gaban shugabar makaranta. Malam Isiyaku mai lissafi ya kama wani mai rawani, ya miƙe yana murna. Malama Ladi, abokiyar karawarsa, ta ce ai wannan ɗan rakiya ne, sarkin yaƙinta yana baya. Babu yadda za a yi in ƙaryata ta. Shugaba ta dubi agogo, ta ce ta ba ni dama ɗaya kafin jarrabawa; in wasan ya sake rikicewa, za ta mayar da lokacinsa na kwafar darasi.

Gaskiya biyu zan ba ku. Aikinku ya yi kyau, har naɗe-naɗen rawanin ana iya ƙirgawa. Kuma kuskurena ne da na zana dattawa kai ba komai. Amma a wasan nan ido ke karanta doka: abin da soja ya sa shi ke faɗin aikinsa. Kyan da ke yi wa mai wasa ƙarya ba ya taimakonsa.

Roƙona shi ne ku sake zuba mutum goma sha huɗun nan da hula. Mutuncinsu ya tsira, dokata ma ta tsira. Ku tsuke rigunan 'yan baka su tsaya a gidajensu, ku kashe duk adon da kuke so a wuya da ƙirji. A kowace runduna ku zaɓi wanda ya fi kwarjini ku bar masa rawani. Sauran su yi haƙuri, kamar yadda ake yi a gari duk lokacin da aka yi naɗi.

Ranar Asabar da hantsi zan zo shago da allon, mu gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya albarkaci hannunku, Ya sa a gaji sana'ar.

Wassalam.

'Yarku,
Malama Rabi