Kada Ki Zo Bana

Zuwa ga Mai Allura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin tsufa, ya yara da jikoki? Ya kuma ƙarin haƙurin maigidanki Malam? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

To, damina ta kankama, makarantu sun kusa rufewa, ni kuma na sauko da jakata daga saman durowa. Kin san abin da hakan ke nufi. Tun da aka raba mu wurin aiki, aka turo ni wannan asibitin aka bar ki a can, dogon hutu bai taɓa wucewa ban zo na cinye miki abinci ba, kuma ba bana zan fara jin kunya ba.

Jiya ina wanke-wanke sai barandarki ta faɗo mini a rai. Kujerun robar nan, da inuwar mangwaro, da ƙawarmu marigayiya Sarkin Surutu ta miƙe ƙafa tana kwaikwayon tafiyar babbar sista, har Malam ya leƙo ta taga ya ce, "Ku dai ba za ku girma ba." Na yi ta dariya ni kaɗai, ban ankara ba sai ga hawaye. Wallahi mun ji daɗin duniya. Mu da muka fara da kwashe fo a ɗakin marasa lafiya, ga shi mun ga jikoki.

Duk sanda na buga miki waya sai jikarki ta ce kina barci. Wane irin barci ne wannan? Shi ya sa na ɗauko biro. Ki faɗa mini ranar da zan taho.

Taki mai takura miki,
Doguwa

*

Zuwa ga 'yar'uwata Doguwa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode da ta'aziyya. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida.

Ba barci nake yi ba. Maganar ce ta yi mini nauyi a baki. Bayan rasuwar Malam na zame a banɗaki, ƙashin ƙuguna ya karye. Babban ɗana ya rantse ba zan sake zama ni kaɗai ba, ya kwaso ni. Gidan an zuba 'yan haya. Yanzu ina hawa na uku a gidan bene, ɗaki ɗaya, gado ɗaya, da taga mai kallon wurin ajiye motoci.

Kada ki ɗauka ƙorafi nake yi. Surukata 'yar albarka ce, ita ke yi mini wanka ba ta taɓa ɓata rai ba. Allah Ya ba ni miji nagari, Ya ba ni 'ya'ya masu jinƙai, Ya ba ni ku. Idan na fara lissafa ni'imominsa sai takarda ta ƙare. Amma ni da na ƙare rayuwata ina ɗaga marasa lafiya, yau ni ake ɗagawa. Na rame, na yi duhu, ina jan ƙafa da sanda. Ba ni da ɗakin da zan sauke ki, ba ni da tukunyar da zan ɗora miki.

Na fi so ki riƙe ni a ranki yadda kika bar ni bara. Don girman Allah kada ki zo bana.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yar'uwarki,
Mai Allura

*

Ke Mai Allura,

Gaisuwa dai ga ta nan, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake. Ki karye ki kwanta asibiti, ni ina nan ina shanya kaya ban sani ba? Sannu. Allah Ya ƙara sauƙi. Sai na zo za ki ji sauran.

Ni za ki yi wa maganar gado ɗaya? Kin manta ɗakin da muka kama a bayan asibiti muna sababbin ma'aikata? Ke aikin rana, ni aikin dare. Ina shigowa kina ɗaura takalmi, in faɗa kan katifar tun ɗuminki bai huce ba. Kullum sai kin yi mita wai ban ja zanin gado yadda aka koya mana ba. Ban ji kin ce ɗakin ya yi mana kaɗan ba a lokacin.

Yanzu ga tawa, tun da yau ranar faɗin gaskiya ce. Kin san halinmu, mu ma'aikatan asibiti ba ma zuwa ganin likita. Idona ya daɗe yana yi mini hazo, ina ta canza tabarau, ina ɗiga magani da kaina, ina zagin kwan lantarki. Da na je daga baya, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma na makara. Na hagu ya tafi. Na dama yana bin sa a hankali. Takardarki ma sai da na fita tsakar rana na kai ta kusa da hanci kafin na karanta.

Kika ce in riƙe ki yadda na bar ki bara. To ita wannan ta bara ina da ita, ba inda za ta je. Ta bana nake so. Da ramarki, da sandarki, da komai. Baɗi idan Allah Ya kai mu zan iya zuwa a riƙe da hannun wani, in ji muryarki, amma ba na jin zan gan ki. Ina jin tsoro, ƙawata, kuma ba wanda na faɗa wa sai ke.

In har yanzu kin ce kada in zo, zan mayar da jakata, ba zan yi fushi ba.

Taki,
Doguwa

*

Doguwa,

Salamu alaikum. Na karanta, na yi kuka har surukata ta shigo a guje.

Ki taho ranar Asabar, ɗana zai tarye ki a tasha. Ki yi ƙoƙari ki iso da hantsi, don lokacin ne rana ke shigowa ɗakin nan sosai. Na sa an matso mini da kujera bakin taga. Zan zauna a cikin hasken, ki kalle ni har ki gaji.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Mai Allura