Buhun da Ke Rataye a Aduwa

Maijirgi, 6 ga Agusta

Maigida,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Inna tana gaishe ka.

Tun ranar Talata ban sake buɗe littafi ba. Ina karatu a gindin aduwar gonarmu, sai wani ɗan malam-buɗe-littafi mai launin ƙasa ya sauka a shafin. Har murmushi na yi masa. Inna ta leƙo ta ce uwar murzuna ce, tsutsar da ta cinye mana zangarniyar gero bara. Ashe cikin rairayin gonar suke kwance duk rani, ruwan sama ke tashinsu.

Malamin gona ya raba wa ƙungiyar mata buhuna masu 'yan ƙwarin da ke kashe murzuna. Na rataya namu a aduwa. Mu masu gonakin yamma mun yi alkawari gaban mai gari cewa ba mai fesa magani, don yana kashe ƙwarin har na maƙwabta.

Taka,
Keziya

Arlit, 13 ga Agusta

Keziya,

Ina gaishe ki da Inna. Noma ba labarin soyayya ba ne da za ki jira ƙarshe mai daɗi. Murzuna ce ta kawo ni nan neman kuɗi. In geron bana ya lalace, sai na ƙara shekara. Ga maganin feshi bidon guda, wato jarka, na ba direba Ɗanladi. Ƙanena Sanda zai fesa ranar Juma'a. Ba ni na yi alkawarin ba.

Ki huta lafiya.
Titus

Maijirgi, 19 ga Agusta

Maigida,

Ina fata kana lafiya. Sanda ya zo da famfon feshi a baya. Baba Talle, mai gonar gabas da tamu, ya tsaya a kan iyaka da sandarsa. Sanda ya ce, "Matar yaya, in zuba ko in tafi? Da ke yaya zai yi faɗa, ba da ni ba."

Na ɓare zangarniya biyar. A uku tsutsar ta mutu ta bushe. A biyu tana motsi, tana ci. Ban san yadda gonar za ta ƙare ba, kuma ba wanda ya kai ni son ka dawo.

Amma da bakina na yi alkawarin, da sunan gidanka. Ban bari an fesa ba. Bidon yana wurin Ɗanladi, zai maido maka.

Allah ya kiyaye ka.

Matarka,
Keziya