Toka a Goshin Batul

Ain Lauza, 16 ga Fabrairu

Ƙanwata Warde,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Yaya sanyi, yaya gwiwar taki? Na ba direba Fu'ad wannan takarda tare da kwalbar zaitun biyu. In ɗaya ce ta iso, kin san wanda za ki tambaya.

Mun shiga Azumi lafiya. Bana ya zo daidai da na Musulmi, kwarin nan duka baki a bushe, kowa na jin haushin kowa. Sai dai wani ɗan abu ya faru a makaranta ranar Litinin ta toka, wadda muke buɗe Azumi da ita. Limamin cocinmu, Abuna Sim'an, ƙauye huɗu ke kansa. Ya zo da sassafe ya albarkaci tokar, ya miƙa mini kwanon ya ce in shafa wa yara alamar gicciye a goshi, shi ya yi gaba kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Kin san tsarinmu: 'ya'yan Musulmi su zauna a aji da Malama Jumana, namu su jeru a coci. Na shafa wa yara arba'in da ɗaya. Ashe arba'in gare mu.

Ta arba'in da ɗayan Batul ce, 'yar Munzir mai gyaran tarakta na Tallat Rumman, wanda na koya wa karatu da hannuna shekara talatin da suka wuce. Ta sulale daga aji ta shiga layi. Hular sanyi ta rufe mata goshi har aka tashi. Da ta sauka daga mota a bakin masallacinsu, ana fitowa daga la'asar, sai ta ture hular tana nuna wa ƙawayenta gicciyen.

Tun jiya ba ta zo ba. Cunkoso ne kawai da duhun cocin nan tamu. Zai wuce. Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Takla

Tallat Rumman, 19 ga Fabrairu

Zuwa ga malamata, Sista Takla,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Da na zo da ƙafata, to amma idon mutane a kaina yake, in an ga motata a ƙofar makaranta magana za ta ƙaru.

Sista, ba na zarginki. Shekara shida na yi a hannunki ban taɓa jin kin ce wa ɗan Musulmi ya bar addinin ubansa ba. Ke ce ma kike ja mini kunne in na yi wasa da sallar Juma'a. Saboda haka na kai Batul wurinki, yayyena uku suna cewa kada in kai. Yanzu babban yayanmu Kasim yana tare ni a hanya yana cewa, "Ina malamar taka mai amana? Yau toka, gobe ruwan baftisma, jibi ka ji ana kiran 'yarka Mariya."

Tambayata ɗaya ce. Ke kin san kowane yaro da sunansa da sunan kakarsa. Batul shekara uku tana zaune a layin gaba. Ta yaya ta tsaya a gabanki, kika ɗora yatsa a goshinta, ba ki gane ta ba? Ki ba ni amsar da zan iya maimaitawa a gaban maza. Yarinyar tana gida, kullum da safe sai ta sa rigar makaranta ta zauna a bakin ƙofa. Babu wata makaranta kusa da mu sai bayan dutse, ba motar da ke kai yara can.

Zan riƙe yayyena har Ƙaramar Sallah, ranar da muke haɗuwa a gidan mahaifinmu. Bayan nan ban san abin da zan iya ba.

Ɗalibinki mai biyayya,
Munzir

Zahle, 23 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kwalba ɗaya ta iso. Fu'ad ya ce ɗayar ta fashe a hanya, yana faɗa leɓensa na ƙyallin mai. Allah ya isa.

Duhun coci, ko? Cunkoso? Yaya, ni za ki yi wa wannan? Gado ɗaya muka kwana shekara goma sha bakwai kafin ki sa baƙaƙen kayan sistoci. Wasiƙarki tana gabana. Layi na huɗu ya hau kan na uku, sai da jikata ta taya ni tsinto kalmomin, sa hannunki kuma rabinsa ya faɗa gefen takarda. Ke da kike dukan yatsun yara in harafi ya karkace! Da kika zo bara kin zuba kofi a kan faranti kina ta surutu, kofin yana can gefe wayam. Na goge na wuce. Kin kira ɗana Tanios da sunan ubansa da ya shekara tara a kabari, muka ce tsufa ne. Laifina ne, da na buɗe baki tun lokacin.

Ba kya gani. Ga shi na faɗa, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Fu'ad ya ce zancen ya cika kasuwar Tallat Rumman, har gida biyu suna shawarar cire 'ya'yansu. Mutumin nan Munzir amsa yake nema, kuma amsar tana bakinki, kalma uku ce. Ki faɗa masa yau, ki bar taurin kan nan na gidanmu.

Ƙanwarki da ba ta tsoronki,
Warde

Ain Lauza, 2 ga Maris

Warde,

Salama. Bakinki bai canza ba, Allah ya shirye ki. Malama Jumana na ba, ta karanta mini wasiƙar Munzir, na ce na manta tabarau. Taki kuwa kwana uku na yi ina bin ta da madubin ƙara girma a bakin taga.

Gaskiya ne. Shekara biyu ke nan. Ranar da na ce miki zan je sayen littattafai, likita na je gani a bayan unguwarku. Ya ce jijiyar idon ce take bushewa, ba yanar ido ba ce da za a kankare. Yanzu haske nake gani da inuwa, kamar mai leƙe ta cikin tsumman tace madara.

Babu wanda ya sani, domin makarantar nan a ƙafata take. Taku goma sha takwas daga ɗakina zuwa aji. Littafin aji uku na haddace shi har da inda aka yi kuskuren bugu. Yara kuwa da murya nake gane su, da tari, da jan takalmi. In Batul ta ja majina a bayan gini zan ce Batul ce. To amma ranar toka ba a magana. Ni na kafa wannan doka shekara arba'in da suka wuce: a cire takalmi, a jeru shiru, kai a sunkuye, wanda ya yi tari ya koma baya. Dokata ce ta kama ni. Goshi ne kawai ke zuwa ƙarƙashin yatsana, mai sanyi, ɗaya bayan ɗaya.

Kin ce kalma uku. Kin san abin da ke bayansu? In Munzir ya ji, Tallat Rumman ta ji, kafin sati Uwar Shugaba ta sistocinmu ta ji. Mota za ta zo ta kai ni gidan tsofaffin sistoci a kan dutse. Kin ga Sista Barbara a can da idonki, macen da ta gina aji huɗu, an zaunar da ita a rana da bargo tana jiran ƙararrawar miya. Ina tsoro, Warde. Ban ji tsoro haka ba ko lokacin da ake ruwan harsashi muna karatu a ɗakin ƙasa.

Yara goma sha huɗu nake shiryawa don karɓar Jibin Ubangiji na farko a watan Mayu. A bar ni in kai su. Bayan nan zan faɗa wa kowa. Na aika wa Munzir cewa kuskure ne, ya yi haƙuri, ya dawo da yarinya. Ya san ni, zai yarda.

Takla

Zahle, 8 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki don Mama ta koya mana gaisuwa, ba don raina ya so ba.

"Kuskure ne, ka yi haƙuri." Wannan zai ɗauka ya kai gaban yayyensa? Ko ni da nake ƙanwarki ban saya ba. Mayu wata biyu ne, Sallarsu kwana biyar. Yaran nan goma sha huɗu ko Jumana za ta iya koya musu buɗe baki da haɗa hannu. Yarinya ɗaya ce ba ta da kowa sai ke.

Kuma wa ya ce dole dutse? Ɗakin Tanios na nan babu kowa. Ki zo mu yi ta faɗa har Allah ya ɗauki ɗaya. Gwiwata ce ta hana ni hawa motar Fu'ad, da yanzu ina Tallat Rumman ina faɗa da bakina.

Warde

Ain Lauza, 15 ga Maris

Ɗana Munzir,

Salama a gare ka da iyalinka. Barka da Sallah, Allah ya karɓi azuminku. Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Malama Jumana ce take rubutawa, ina faɗa mata.

Ka yi mini tambaya ta gaskiya, na ba ka amsar banza. Ga ta gaskiyar: ban ga Batul ba domin ba na gani. Shekara biyu ina ɓoyewa don kada a raba ni da makaranta. Ranar nan yara shiru suke zuwa, ban ji muryarta ba. Ka faɗa wa yayyenka haka. In Kasim yana so, ya zo ya ɗaga yatsunsa a gabana a tsakar makaranta ya ce in ƙirga.

Kada ka ɗauka jarumtaka ce ta sa na rubuto. Ranar Asabar na je furta zunubi, na faɗa wa Abuna Sim'an, ya ce ba zai ɗaga hannun gafara a kaina ba sai na faɗa maka. Ko da haka sai da na ƙara kwana uku. Yau na aika wa Uwar Shugaba ita ma.

Kujerar Batul tana nan, ban bari kowa ya zauna ba. Ka kawo ta ranar Litinin. Ka gafarta wa tsohuwar malamarka.

Sista Takla

Tallat Rumman, 18 ga Maris

Malamata,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni a ƙarƙashin tarakta, na karanta na kasa fitowa. Allah ya ba ki haƙurin idonki. Na yarda da kowace kalma. Kasim ma ya yarda. Ya riƙe baki ya ce, "Wayyo, baiwar Allah, to me ya hana ta faɗa?"

Sista, ranar Sallah mun haɗu a gidan mahaifinmu, maza sun kai ashirin. Kasim ya sa ni a gaba. Na ciro takardarki ta farko na karanta musu, kuskure ne, a yi haƙuri. Suka yi dariya. Wani ya ce ko dai ni ma an shafa mini tun ina yaro. Mahaifina yana zaune bai ɗaga kai ba. Raina ya ɓaci, na miƙe na rantse da igiyar aurena, saki uku, cewa Batul ba za ta ƙara taka makarantarku ba. Kwana biyu kafin wasiƙarki ke nan.

Jiya na je wurin malaminmu na ba shi labari duka. Ya ce babu ƙofa. Ranar da ta taka, uwarta ta haramta gare ni. 'Ya'ya biyar gare mu.

Sati uku na yi ina jiranki. Ba zan ƙara kome a kan wannan ba, ke kika koya mini ladabi.

Batul ta ce in gaya miki kada ki ji haushinta. Wasa ta so yi miki. Ta ce ta tsaya a gabanki ta ɗaga kai tana murmushi, tana jira ki gan ta ki ja mata kunne ki kore ta, yara su yi dariya. Da kika shafa mata sai ta ɗauka kin shiga wasan ne. Ta daina sa rigar makarantar. Uwarta tana koya mata tuya.

Ɗalibinki,
Munzir

Ain Lauza, 21 ga Maris

Warde,

Jumana ce ke rubutawa. Mota za ta zo ranar Laraba. Ki bar ɗakin Tanios, dutse zan tafi, ni na roƙa.

Yarinyar ba za ta dawo ba, ubanta ya rantse da aurensa ranar Sallah. Wasa ta zo yi mini, Warde. Ta ɗaga kai tana yi mini murmushi don in gan ta. Kin san abin da muke faɗa in muna shafa tokar. Shekararta tara, tana murmushi, ni kuwa na dangwala mata yatsa na ce ta tuna daga ƙasa take, ƙasa za ta koma.

Kada ki rubuto. Babu mai karanta mini a can.

Takla