Koren Fentin Gidan Inna

Zuwa ga Yaya Bawa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ladi da yara. Yaya aiki, yaya Legas?

An gama fentin gidan da ka gina wa Inna. Kore, kamar yadda ka kafe. Filastar ta sha shi sosai, har masu babur na tambaya ko sojoji sun buɗe ofis a unguwarmu.

Sau uku Inna ta roƙe ka a shafa kowane launi ban da wannan, don shi ne launin ɗakin barikin da ta je kwaso kayan Baba bayan rasuwarsa. Ka ce tsofaffi ba su san ado ba.

To, ta ƙi tarewa. Tana nan a ɗakinta na laka mai yoyo. Jiya na ce ta leƙa, ta ce, "Na taɓa shiga irinsa, ya ishe ni." Awaki ke kwana a barandar, su kam launin ya yi musu.

Ka gaida kowa. Ka sa Inna a addu'a, ko Allah zai ji ka, tunda kai ba ka ji ta ba.

Ƙanwarka,
Asabe