Sunan da Na Faɗa a Ƙarshen Tsere

Zuwa ga Sahura, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan farkon damina da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Baffa da Inna da dukan mutanen Nasarawa Burkullu. Saƙonki ya iso. Ƙanenki Sagir ya same ni a Anka, ya ce kin ce in sawwaƙe miki auren nan. Ban ba shi amsa ba. Akwai abin da nake so ki fara ji, kuma shekaranjiya ya faru.

Ranar hutun sabuwar shekara matasan Anka suka shirya tseren gudu, daga bakin gulbi zuwa filin makarantar firamare, don tunawa da yaran da gubar dalma ta ɗauke a ƙauyukanmu. Kin san ni da gudu ba mu saba ba. Amma na shiga.

Sanyin safiyar nan, Sahura! Ruwan buta ya zama tamkar ƙanƙara, sai da na cije haƙora na yi alwala. A bakin gulbi numfashin kowa yana fita kamar hayaƙin murhu. Samari sun zura safa a hannuwa. Masu haƙar zinariya, baƙinmu na Katsina da Nijar, sun zo da takalman roba da bargo a kafaɗa. Musbahu mai shayi yana ta shela cewa duk wanda ya zo na ƙarshe shi zai wanke masa kofuna. Ana cikin dariya shugaban matasa ya ɗaga lasifika ya faɗi ƙa'idar tseren: duk wanda ya kai filin, za a miƙa masa lasifikar ya faɗi sunan yaron da ya yi wa gudu.

Nan na so in juya gida tun ba a busa usur ba.

Ɗiyarmu ta fari ce, ya ƙawar raina. Kin san yadda aka rene mu. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban manya, ba ya nuna ya san da shi. "Yarinyar nan," haka nake cewa tun ranar suna har ranar da muka kai ta makwanci. Kin tuna safiyar da ta fara sakin bango a gidanmu na Bagega? Ta nufo ni tana tangaɗi, hannuwa a buɗe kamar ɗan tsako da ya ga hatsi, ga Baba zaune a kan buzu yana kallo. Na juya kafaɗarta a hankali zuwa ga baffanta. Ina jin ki a bayan zana kina danne dariya. Wace safiya ce ta fi wannan daɗi? Wa zai gaya mana a lokacin cewa ƙasar da take takawa, inda yayyena suke daka dutsen zinariya a zaure, ita ce za ta raba mu da ita?

Ke kin karya kunyar. A asibiti, da jikinta ya fara sanƙarewa, kin kira sunanta da ƙarfi a gaban Innata, kin sake kira, har muryarki ta dushe. Ni ina bakin ƙofa, shiru. A wurin gaisuwa mutane suka yi ta cewa Zayyanu namiji ne, ya iya haƙuri. Kin ji yabon nan ta bayan zana, na kuma san abin da kika ɗauka daga cikinsa: cewa ke kaɗai kika yi rashi. Wayyo, Sahura! Tukunyar da aka rufe bakinta, don ba a ga tururi ba, ai ba a ce ba ta tafasa.

Aka busa usur, muka kwasa. Iska tana yanka fuska kamar aska, ƙirjina yana zafi, yatsuna sun mutu. Matasa suka wuce ni, baƙi suka wuce ni, har masu bargo. Ina sane nake rage gudu. Ina so in isa bayan taro ya watse. Wajen kwanar kasuwa sai ga Malam Hayatu, tsohon maƙwabcinmu na Bagega wanda gubar ta ɗauke wa jikoki, ya cim mini yana haki, gemunsa ya jiƙe da raɓa.

Ya ce, "Zayyanu, gudu kaka yi ko rakiyar amarya?"

Na ce, "Sanyi ne, Baba."

Ya ce, "Wane sanyi? Lasifika kaka tsoro. Ni ma ita nika tsoro. Taho mu tahi."

Tare muka shiga filin, mu ne na ƙarshe. Taro bai watse ba. A ƙarƙashin rumfa na hango dattawa, cikinsu har da abokan Baba. Malam Hayatu ya karɓi lasifika ya jera sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiransu cin tuwo. Kana aka miƙo mini.

Ƙarfen yana da sanyi. Na buɗe baki, na rufe. Na ga fuskarki a bakin gadon asibiti. Sai na ce, "Lauratu."

Lasifikar ta ɗauki sunan ta watsa shi a filin, ya bugi bangon azuzuwa ya dawo mini. Ashe haka yake da daɗi a baki! Ashe haka yake da sauƙi, gaɓa uku kacal, na hana kaina shi tsawon rayuwarta! Na sake cewa, "Lauratu, ɗiyata." Daga nan sai na gan ni zaune a ƙasa ina kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ba wanda ya ce mini in yi haƙuri. Ɗaya daga cikin abokan Baba ya sauke hularsa ya rufe fuska da ita. Musbahu ya damƙa mini kofin shayi ya ce, "Sha, Malam. Yau na yahe wankin."

Na juya ina neman wanda zan gaya wa, ba ki nan. Abin da ya fi sanyin safiyar ciwo ke nan.

Ya farin watana, ya ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, me zan yi da sunan nan ni kaɗai? Mutum biyu ne a duniya suka san nauyinsa. Idan kika tafi, wa zan tambaya ko ya tuna yadda take kiran akuya da sunan kaza? Wa zai gyara mini in na manta wane kunne ne ke da tawadar Allah? Ba na roƙonki ki manta. Roƙona shi ne mu tuna tare.

Sagir ya ce ba za ki iya sake kwana a gidan Bagega ba, ko da an kankare ƙasarsa an zuba sabuwa. Gaskiyarki. Ni ma na bar shi. Na kama ɗaki a Anka, bayan masallacin unguwa, daɓen siminti, babu mai daka dutse a kusa. Sai da na bi gida gida na tambaya. Kayanki suna ciki a ɗaure kamar yadda kika bar su. Ban kwance ba, don ban san inda za ki so a ajiye kowane ba.

Ranar Alhamis in Allah ya yarda zan zo, idan hanya ta yi lafiya. Zan zauna a zauren Baffa. Ina roƙon ki tsaya inda za ki ji ni, ko ta bayan ƙyaure ne. Zan kira ɗiyarmu da sunanta a gaban mahaifinki, da bakina, ba lasifika. Bayan haka, idan har yanzu sawwaƙewar kike so, ba zan riƙe ki da ƙarfi ba, domin wanda ake so ba a ɗaure shi. Amma ki sani, ni itacen gawo ne gare ki: lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, lokacin nake fitar da ganye.

Allah ya sa Lauratu mai cetonmu ce, ya haɗa mu da ita mu biyu, ba ɗaya bayan ya rasa ɗaya ba.

Naki jiya, naki yau, naki ko da amsarki ta zo da ɗaci,

Zayyanu, baban Lauratu.