Ƙofar Motar Wakili

Litinin, 3 Disamba 1956
Kamiyon Wakili, babbar motar da ke ɗaukar masa gyaɗa, ya gogi itace a hanyar Dungas, ƙofar direba ta loɓa. An ciro ta an kawo maƙerarmu. Gajere, ƙanena da ya yi zaman garaji a Kano, ya matso zai duba. Na ce ya koma kan zugazuginsa. Tun rasuwar Baba masaba a hannuna take, ƙarami shi ke zuga wuta, haka muka tarar. Na ce wa Wakili kwana biyu ya isa, kuma a gaban mutane na faɗa.

Talata, 4 Disamba
Na buga ƙofar daga ciki kamar yadda nake buɗe bakin garma. Loɓar ta fito. Na ji daɗi, na ƙara mata.

Laraba, 5 Disamba
Ta yi tumbi. Ka danna da yatsa ta faɗa ciki da ƙara, ka saki ta dawo waje. Na yi ta bugu don ta kwanta, sai ƙara faɗi take yi, ƙarfen yana sirancewa. Gajere ya ce a hankali, "Yaya, duka miƙa shi yake yi. Ya yi wa wurinsa yawa." Na ce ban tambaye shi ba. Da la'asar na rufe ta da tabarma.

Alhamis, 6 Disamba
Wakili ya zo da direbansa. Direban ya ɗaga tabarmar, ya danna, ta yi ƙara, ya sake dannawa. Masu jiran lauje suka yi dariya, har ɗaya ya ce na ƙera wa Wakili ganga. Shi Wakili bai yi dariya ba, ya ce gyaɗarsa na jibge, in ƙofar ba ta gyaru ba zai kai ta Kano, kuma ba zai ƙara kawo ko ƙusa gidan nan ba. Shekara da shekaru gidansu na kawo aiki wurin Baba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Juma'a, 7 Disamba
Na bi ta bayan kasuwa zuwa masallaci. Matata Maijidda ta ce tuwon ma ban ci ba. Ta ce wai Gajere ɗan'uwanka ne fa, ba baƙo ba. Mata!

Asabar, 8 Disamba
Ban roƙe shi ba. Na dai ce kafaɗata na ciwo, ya riƙe aikin yau. Ya tsaya yana kallon masabar Baba, bai ɗauka ba, ya ɗauko gudumar itace da tsumma da ruwa. To wa zai zuga? Ba kowa sai ni. Na zauna a ƙasa, inda ban zauna ba tun ina yaro. Ya sa aka kara tsakiyar tumbin a kan wuta, wuri kaɗan, da ya yi ja ya bubbuga gefensa a hankali, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Ƙarfen ya tsuke a kan idona. Ya matsa gaba ya sake. Ni da na san wuta da ruwa wajen ƙarfafa bakin gatari, ban taɓa tunanin suna rage ƙarfe ba. Mutane na wucewa suna ganina ina zuga wa ƙanena. Ban ɗaga kai ba.

Lahadi, 9 Disamba
Direba ya danna, shiru. Wakili ya ce madalla da hannun babban ɗan gidan nan. Gajere ya bar mini yabon. Sai da Wakili ya juya na ce, "Aikin Gajere ne." Ban san ko ya ji ba. Gajere ya ji.

Talata, 11 Disamba
An kawo wani murfin mota daga Waca. Kafaɗar ta yi sauƙi, amma ban gaya wa kowa ba. Na riga Gajere zama wurin zugazugi.